Tsagar da Ke Ƙarƙashin Motar Yaya

Ko da zan manta da komai na shekarun karatuna, ba na jin zan taɓa manta yinin da na yi kwance a ƙarƙashin motar yayana a Daura, ina ɗaukar hoton ƙarfe, maza sun kewaye wurin suna jiran jin ko motar za ta tafi ko ba za ta tafi ba. Na yi ayyukan da suka fi wannan girma bayan haka, amma babu wanda ya zauna mini a rai kamarsa.

A lokacin ina karatun digiri na biyu a fannin ƙarafa, abin da nake bincike a kai kuwa shi ne gajiyar ƙarfe. Kowa ya san idan ka kama siririyar waya ka yi ta lanƙwasa ta gaba da baya, ba za a jima ba za ta karye a hannunka, alhali da ja ka yi da dukkan ƙarfinka ba za ta tsinke ba. Haka kowane ƙarfe yake. Nauyin da bai isa ya karya shi a sau ɗaya ba, idan ana ɗora masa ana saukewa kullum, wata rana sai wata 'yar tsaga ta fara a wani lungu. Daga nan sai ta riƙa tafiya a hankali, ba a ji ba a gani, har ranar da ragowar ƙarfen zai kasa.

Aikina a ɗakin gwaji shi ne in auna yadda irin wannan tsaga take buɗewa da yadda take tafiya, ba tare da na taɓa ta ba. Mukan shafa wa ƙarfen farin fenti, mu yayyafa masa baƙin ɗigo-ɗigo, sannan mu kafa kyamara a gabansa. Inji yana jan ƙarfen yana saki, kyamara tana ɗauka. Sai kwamfuta ta bi ɗigon nan, ta gwada inda kowanne yake a hoton farko da inda ya koma a na biyu. Inda ƙarfe yake zaune lafiya sai ta nuna shuɗi, inda yake shan wahala ta nuna ja. Na daɗe ina wannan aiki har hannuna ya faɗa, amma duk a kan 'yan guntayen ƙarafa ne masu tsabta, a cikin ɗaki mai sanyi. Ban taɓa gwada shi a kan abin da ran wani ya rataya a kai ba.

Da kaka na zo hutu gida, na taho da kyamarata da kwamfutata don in ƙarasa wasu hotuna. Tun rasuwar mahaifinmu, yayana ne yake riƙe da gidan, abin da yake riƙe da shi kuwa babbar mota ce guda ɗaya ta ɗaukar kaya. Tsohuwa ce, a hannu ya saye ta, amma ita ce cinmu, ita ce suturarmu, ita ce ma karatun nawa. Direbanta wani dattijo ne da ya yi aiki da mahaifinmu, mu duka Baba muke ce masa. Kaka kuwa ita ce lokacin da mai mota yake samun abin da zai riƙe shi shekara, domin gero da wake da riɗi duk suna neman hanyar Kudu.

Wata rana bayan magariba muna zaune a tsakar gida, Yaya ya shigo ransa a ɓace. Ko tuwon da Inna ta ajiye masa bai buɗe ba. Da ta matsa masa da tambaya, sai ya ce Baba ne ya ƙi tafiya. Wani Alhaji mai fataucin wake daga garin Babban Mutum ya kawo kayansa, an yi magana gobe za a yi lodi a kama hanyar Kudu, sai aka ga tsaga a jikin shasin motar, wato dogon ƙashin bayan da komai yake zaune a kai. Mai walda ya duba ya ce aikin ɗan lokaci ne, zai bi ta da wuta ya like. Baba kuma ya ce ko an like shi hankalinsa bai kwanta ba, domin motar ta kwana biyu tana yi masa wata ƙara a hanya mai gargada wadda bai san ta da ita ba.

“Ƙara!” in ji Yaya. “Wace tsohuwar mota ce ba ta ƙara? In ba zai je ba ya ba ni makulli, direbobi sun cika tasha.”

Inna ta dube shi. Ta san abin da ke tsakanin gidanmu da dattijon nan, ta kuma san abin da lodin nan yake nufi. Ni kuma ina jin an ce tsaga, sai kunnena ya tashi.

Na ce, “Yaya, ka bar ni in duba ta kafin a yi waldar.”

Ya juyo ya dube ni, har ya ɗan yi murmushi duk da ɓacin ran. “Auta, wannan fa ba aji ba ne. Me za ki duba da mai walda bai gani ba?”

“Shi ya ga tsayinta. Ni zan gaya maka ko tana da rai.”

Ban san inda na samo wannan ƙarfin halin ba, amma da na faɗa ban ji ɗar ba, domin na san abin da kayan aikina za su iya. Ya yi ɗan tunani, sannan ya ce ya ba ni zuwa azahar, daga nan ba ruwansa da boko, wuta za a sa a like.

Da sassafe muka isa filin da ake lodi, can bayan kasuwa. Na sa doguwar rigar aiki, na cusa hijabina a ciki, na shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin motar. Kafin in gama fito da kaya wurin ya cika. 'Yan dako sun ajiye aiki, masu shayi sun leƙo, ana ta raɗa wai ƙanwar mai mota ce ta zo ɗaukar mota hoto. Mai waldar mutum ne mai sauƙin kai. Na yi zaton zai ji haushin an tsayar masa da aiki, sai na ga ya fi kowa son ganin abin da zan yi. Shi ya nuna mini tsagar. Doguwa ce kam, ta kusa kamu ɗaya, baƙa, a kan wani facin ƙarfe da mai motar na farko ya taɓa likawa a gefen shasin. Duk wanda ya gan ta sai gabansa ya faɗi.

Na roƙe shi ya goge mini wurin ya kankare tsatsa da baƙin mai. Ban tsaya a kan tsagar kaɗai ba, na sa ya share har zuwa inda kan sifirin na baya, wato ƙarfen da ke riƙe tayoyi yana shanye girgiza, yake haɗe da shasin da wani ƙarfen ɗauri da manyan kusoshi. Ya ce nan ai lafiya lau yake. Na ce na sani, amma malaminmu ya hana mu ɗaukar hoton inda ido ya nuna kaɗai. Na fesa farin fenti, muka jira ya bushe. Sannan na tsoma buroshin goge baki a baƙin fenti, na riƙa karta shi da babban yatsa, ɗigo yana sauka a kan farin.

Wani daga cikin 'yan dakon ya durƙusa ya leƙo ya ce, “Kai jama'a, ta mayar da motar zabuwa!”

Aka kwashe da dariya, ni ma na yi. Gaskiya ya faɗa, wurin ya koma kamar jikin zabo.

Matsala ta farko ita ce inda zan kafa kyamara. Idan na ajiye ta a ƙasa, da an fara lodi motar za ta zauna, hoton ya gurɓace. Na yi wa mai walda bayani, nan take ya yanko wani guntun ƙarfe ya lanƙwasa, muka ɗaure shi a jikin shasin da kansa, kyamarar ta zauna daram, duk inda motar ta yi ta bi ta. Matsala ta biyu hasken rana, wanda yake canjawa yana jefa inuwa. Baba ne ya kawo tamfol ya rufe gefen motar, na kunna fitilar caji na saita ta. Na ja wayar kyamara zuwa kwamfuta a kan wani benci a inuwar darbejiya, na ɗauki hoton farko motar tana wayam.

Sai na ce a fara lodi. Lodin nan shi ne injina a ranar. 'Yan dako suna hawa da buhunan wake, in sun yi wani adadi in ce su dakata, kowa ya sauka, motar ta natsu, in ɗauki hoto, su ci gaba. Da farko suna yi suna tsokana, daga baya da suka ga tsayawar tana cin lokaci suka fara gunaguni. Alhaji mai wake ya iso wajen hantsi cikin farar shadda, ya tarar ana lodi ana tsayawa. Da aka gaya masa dalili, ya dube ni sama da ƙasa, ya juya wurin Yaya ya ce shi dai ya san a kan lokaci aka yi magana.

Da motar ta cika na ɗauki hoto na ƙarshe, na sa kwamfuta ta fara lissafinta. Yaya yana tsaye a kaina, Baba yana gefe ya harɗe hannu a baya. Hoton ya fara fitowa da launi. Idona ya tafi kai tsaye kan doguwar tsagar nan da kowa yake tsoro, sai na gan ta shuɗiya shar. Ɗigon da ke gefenta biyu ba su motsa ba ko kaɗan. Facin da take kai ba ya ɗauke da nauyin komai, tun tuni ya saki aiki, tsagar ta mutu a inda take.

“To, Alhamdu lillahi,” in ji Yaya da na gaya masa. Har ya ɗaga hannu zai kira mai walda.

Na ce, “Tsaya, Yaya.”

A can kusurwar hoton, a bakin ramin ɗaya daga cikin kusoshin da ke riƙe da kan sifirin, akwai wani ɗan jan harshe da ya leƙo daga ƙarƙashin ƙarfen ɗaurin. Ƙarami ne, bai fi ƙwayar shinkafa ba. Na koma hotunan baya ɗaya bayan ɗaya. Motar tana wayam babu shi. Da aka fara lodi ya ɗan yi ruwan ɗorawa. Duk ƙarin nauyi sai ya ƙara ja, ya ƙara tsawo. Na san wannan siffar kamar yadda na san fuskar Inna, domin ita nake kallo kullum a ɗakin gwaji. Bakin tsaga ne mai rai.

Ban yarda da hoto ɗaya ba. Na roƙi a sauke wani sashe na kayan a sake mayarwa. Nan fa 'yan dako suka ce ba su san zance ba, sai da Baba ya sa baki, ya ce su yi don girman Allah. Aka sauke, jan ya dushe. Aka mayar, ya dawo a daidai inda yake, da ƙarfinsa. Na ƙara girman wurin a fuskar kwamfuta, na riƙa sauya hoton wayam da hoton lodi da sauri, gaba da baya. Sai ga shi kowa yana gani da idonsa: ɗigon da ke sama da na ƙasa suna rabuwa suna haɗuwa, kamar ɗan baki yana buɗewa yana rufewa. Buɗewar ba ta kai kaurin gashi ba, amma tana nan.

Yaya ya shiga ƙarƙashin motar da kansa da fitila, ya daɗe, ya fito yana kaɗe riga. “Ni ban ga komai ba, Auta. Ƙarfe ne lafiyayye.”

“Ba za ka gani ba. Kanta kawai ya leƙo, jikinta yana bayan ɗaurin.”

Alhaji ya matso, muryarsa ta fara tashi. Ya ce shi tun kafin a haife ni yake loda kaya, bai taɓa jin an tsayar da mota saboda zane a talabijin ba. Abin da ake gani da ido an ce ba komai, abin da ba a gani kuma an ce shi ne matsala, to wannan wane irin ilimi ne? Wasu suka yi dariya. Ban ga laifinsa ba, kayansa ne a kai, kasuwa kuma ba ta jira.

Na ce, “Alhaji, ku yi haƙuri. Ba zan ce muku ga ranar da za ta karye ba, wannan ban sani ba, kuma duk wanda ya ce ya sani daga hoton nan ya faɗi abin da bai auna ba. Tana iya kai kayanku ta dawo lafiya. Abin da na sani shi ne tsagar nan tana buɗewa duk lokacin da nauyi ya hau, kuma kowane rami da motar za ta faɗa tsakanin nan da Kudu ƙara mata tsawo zai yi. A wurin da take kuma, ranar da ta gama, sifirin ne zai saki, motar tana gudu da kaya.”

Kowa a nan ya san yadda mota mai lodi take kifewa, kowa kuma ya san ba wake kaɗai ke hawa ba. Akwai Baba a gaba, akwai masu rakiyar kaya da ke zama a saman buhuna.

Yaya ya ja ni gefe, bayan bishiyar. Fuskarsa ta jiƙe da gumi. Ya yi magana ƙasa-ƙasa yadda ba mai ji. “Kin san abin da kike cewa in yi? In na sauke kayan mutumin nan, gobe duk kasuwa ta ji motata ba ta da lafiya. In aka kwance aka tarar ba komai fa?”

“In aka tarar ba komai, ka ce ƙanwarka ce ta ruɗe ka, kowa ya ji da bakina na faɗa. Amma za a tarar.”

Ya daɗe yana kallona. Ina jin a ranar ne ya fara ganina a matsayin wani abu ban da autar gida. Aka kira sallar azahar, ya tafi masallaci. Da ya dawo sai ya wuce wurin 'yan dako kai tsaye ya ce a sauke kaya duka. Sannan ya yi abin da na san ya fi komai yi masa ciwo: ya kira wani mai mota da suka daɗe suna takara a tasha, ya roƙe shi ya ɗauki lodin Alhaji. Alhaji ya bi kayansa ko sallama bai yi mana ba.

Bayan la'asar aka ɗaga motar, aka tokare ta da katakai, mai walda da wani makanike suka fara kwance kusoshin. Sun yi tsatsa, sai da aka sha fama. Ni ina zaune a kan bencin, hannuna a kan cinya. Ban yi shakkar abin da na auna ba, amma jiran bai yi mini daɗi ba ko kaɗan. Da ƙarfen ɗaurin ya fita, mai walda ya goge wurin da tsumma, ya haska fitila. Sai na ji ya ce, “Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.”

Tsagar ta tashi daga ramin kusar, ta bi bayan ɗaurin ta gangara, ta ci fiye da rabin faɗin shasin. Siririya ce kamar zare, an matse ta an rufe shekara da shekaru. Mutane suka riƙa shiga ɗaya bayan ɗaya suna leƙawa suna fitowa da salati. Baba bai shiga ba. Ya nemi gefen taya ya zauna, ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Yaya ya je ya durƙusa a gabansa, a gaban kowa, ya ce, “Baba, ka yafe mini maganar jiya.” Dattijon ya dafa kafaɗarsa ya ce ya tashi, ba komai, Allah ne ya tsare. Sannan ya ɗago ya dube ni ya ce, “'Yar nan, Allah ya yi miki albarka. Ni ƙara kawai nake ji, ban san daga ina take ba.”

Ba zan ce abin ya zo da sauƙi ba. Na gaya wa Yaya irin wannan wuri ba a bin sa da walda a sama, domin tsagar za ta sake fitowa a gefen likin. Sai da aka ja motar zuwa Kano aka canja wannan sashen gaba ɗaya, kafin ta dawo kuwa mafi kyawun makonnin kaka sun wuce. Shekarar nan gidanmu ya ji a jikinsa. Alhaji bai sake kawo mana kaya ba, wancan mai motar ya riƙe shi. Amma ko sau ɗaya Yaya bai taɓa yi mini gorin abin da ya rasa ba, Baba kuma ya ci gaba da jan motar har ƙarfinsa ya ƙare ya ajiye da kansa.

Guntun da aka yanke na roƙa aka ba ni, na tafi da shi makaranta. A ɗakin gwaji muka ƙarasa karya shi don mu ga cikinsa. Fuskar karayar tana da layi-layi masu lanƙwasa, ɗaya bayan ɗaya, irin sawun da ruwa yake bari a gefen tafki idan yana janyewa da rani. Layukan suna nuna inda tsagar ta riƙa tsayawa tana ci gaba. Na kusa da ramin kusar sun yi baƙi da tsufa, na gaba suna ƙara faɗi, alamar ta fara sauri. Ƙarfen da ya rage mai haske, wanda shi kaɗai yake riƙe da motar, ɗan kaɗan ne. Malaminmu ya daɗe yana juya shi a hannu, sannan ya tambaye ni mutum nawa ke hawa motar. Da na gaya masa, sai ya ajiye shi a hankali.

Abin da ranar nan ta koya mini ya wuce ƙarfe. Na gane cewa ɓarakar da ta fito fili kowa yana nuna ta da yatsa ba lallai ita ce mai kisa ba, sau da yawa mai kisan tana can inda aka ɗauka lafiya lau ne, shi ya sa nake faɗaɗa dubawata a duk abin da aka kawo mini. Na kuma gane cewa idan ka auna abu da kyau, to ka faɗi iyakar abin da ka auna, kada ka ƙara don a ji tsoro, kada ka rage don a ji daɗi. Sannan ka tsaya a kansa, ko da kai ne ƙarami a wurin, ko da wanda maganar za ta fi yi wa ciwo shi ne wanda yake ciyar da kai.